Tambayoyi da amsoshi kan "littafin masu saɓa" da ya raba kan zauren karatunmu a Jos

Tun da zancen littafin nan ya fita daga zauren da muke haɗuwa ya shiga gari, da wuya in je ɗaurin aure ko in fito daga masallacin Juma'a wani bai ja ni gefe ya tambaye ni a kansa ba. Wasu sun karanta babi biyu ko uku da aka tura musu ta waya, wasu kuwa a bakin wani suka tsinci labarin. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda in amsa gwargwadon fahimtata. Ni nake riƙe da zauren, amma ra'ayin da ke nan nawa ne. Inda na ɗauko na wani zan faɗa.

Wane littafi ne, kuma wa ya rubuta shi?

Ƙagaggen labarin kimiyya ne da Hausa, bai shiga maɗaba'a ba tukuna. Wadda ta rubuta shi ƴar zaurenmu ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a nan Jos. Ta roƙi a sakaya sunanta sai ta gama gyara, sunan littafin ma har yanzu ba ta tsayar da ɗaya ba. Mu dai "littafin masu saɓa" muka fara ce masa, sunan ya bi shi. A daminar bara muka karanta shi, duk Asabar bayan La'asar, mutum ɗaya yana karantawa a bayyane saura suna saurare. Sau da yawa ruwa yakan sauko a kan kwanon zauren har muryar mai karatu ta ɓace, sai mu ja tabarmi mu matso kusa da shi.

Me labarin ya ƙunsa?

Jos ce, amma ta shekara hamsin nan gaba. Rijiyoyi sun ƙafe, famfo ya zama tarihi, mutanen bayan gari sun koma shan ruwan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Daga nan cuta ta ɓullo. Da zazzaɓi take farawa, na mako guda, sai fata ta soma saluɓewa kamar saɓar maciji, sabuwar da ke ƙasa kuma launin toka, sanyi ƙalau. Wanda ya wuce wannan mataki ba ya mutuwa. Ƙarfinsa ma ninkuwa yake yi, kuma ba ya sake kwanciya ciwo. Sai dai idonsa ba ya jure rana, dafaffen abinci ba ya zama a cikinsa, sannan kalmomi suna zubewa daga bakinsa kaɗan-kaɗan. Yau ya manta sunan cokali, wata mai zuwa ya manta sunan matarsa, alhali yana gane fuskarta, yana gyara mata wurin zama idan ta shigo.

Cutar ba ta bin iska. Yawu take bi, wato kwanon da aka ci tare da moɗar da aka sha ruwa da ita.

Hukuma ta zagaye unguwanni uku da waya mai ƙaya, ta sa sojoji a bakin ƙofa, ta hana kowa shiga ko fita. Jarumar labarin dattijuwa ce ungozoma. Ranar da aka ja waya tana can wata unguwa tana karɓar haihuwa, ta dawo ta tarar ɗanta tilo da matarsa mai cikin wata shida suna ciki, ita tana waje. Sauran littafin kan wata ukun nan ne da suka rage kafin surukarta ta haihu.

Me ya sa marubuciyar ta ɗauko cutar daga kududdufan kuza?

Domin a nan ta tashi, kuma duk wanda ya tashi a nan an ja masa kunne kan kududdufan nan tun yana yaro. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi ƙasa cike take da su, ruwansu kwance shiru, zurfinsu ba a gani. Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914 don kwashe ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, wato Malesiya ta yanzu, a 1942, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyin tsaunin nan da yunwa da cuta suka kashe su. Kamfanoni sun tafi, ramuka sun zauna. Tarkacen yashin da aka tace ya ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, kuma har yau akwai masu ɗibarsa su yi gini.

Wani dattijo a zaurenmu, wanda mahaifinsa ya zo Jos a ɗiban gwamna bai koma gida ba, shi ya ce abin da ya fi burge shi ke nan: cutar ba daga sama ta faɗo ba, ba kuma baƙo ya kawo ta a jirgi ba, daga ramin da aka haƙa aka ƙi cikewa ta fito. Ya tuna mana Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje ta kashe yara sama da 400.

Wace irin karɓa ya samu a wajen waɗanda suka karanta?

Na zaci saɓar fata ce za ta fi tayar wa mutane da hankali, domin marubuciyar ba ta rage komai ba wajen siffanta ta. Ashe ba ita ba ce. Kwano ne.

Akwai wani babi da ɗan ungozomar yake zuwa bakin waya da dare, uwar tana ɗaya gefen da tuwon da ta tuƙa masa. Ba ya iya ci, ta sani, amma ba ta iya zuwa hannu rabbana. Shi kuma sai ya gutsura loma ɗaya, ya miƙo mata ragowar ta tsakanin waya, kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Sunanta ya riga ya ɓace masa, wannan ɗabi'ar ce ba ta ɓace ba. Ta tsaya tana kallon kwanon. Ranar da muka zo nan, mai karatun ya kai tsakiyar shafi muryarsa ta sarƙe, ya miƙa wa na kusa da shi takardun. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a wajen Terminus ta miƙe ta fita, ba ta dawo ba sai bayan mako biyu. Da ta dawo ta fuskanci marubuciyar ta ce, "Ƴata, kin san abin da kika yi kuwa? Ni da hannuna na ware wa mijina kwano da kofi shekara guda lokacin da ya yi tarin fuka. Ya warke, amma har ya koma ga Allah bai daina kallon kofin nan ba." Marubuciyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yafe ni, Hajiya." Ta ce ba laifi aka yi mata ba, tsohon gyambo aka fama.

Mu mutane ne da zumuncinmu a cikin kwano yake. Yara suna ci tare, baƙo ba a ware masa sai don girmamawa, wanda aka ƙi cin abinci da shi kuwa ya san an yanke masa hukunci ko ba a furta ba. Cutar da ta zaɓi wannan hanya ta san inda za ta kama mu.

Matasan zauren, musamman ɗaliban Jami'ar Jos, nasu tunanin daban ne. Su abin da ya riƙe su shi ne cewa masu saɓa ba sa ciwo, ba sa yunwa irin tamu, ba sa tsoron dare. Wani daga cikinsu ya ce idan aka ba shi zaɓi tsakanin zama a wajen waya yana bin layin ruwa da zama a ciki da lafiya, sai ya yi dogon tunani. Dattijan ba su ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan. Ni ma ta dame ni, amma ban ga ta wasa ba ce, yaron abin da ke ransa ya faɗa.

Shin da gaske cuta tana iya sauya mutum haka?

Ta mayar da babban mutum wata halitta dabam cikin mako guda, a'a. Wannan ƙirƙira ce, marubuciyar ma ba ta ce ba haka ba. Amma tubalan da ta yi ginin da su na gaske ne, kuma aikinta ya sa ta san su.

Ɗauki ciwon haukan kare. Ƙwayar tana shiga ta cizo, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, ta cika bakin dabba da yawu, ta hana ta haɗiya, ta sa ta kai cizo. Wato ta sauya halin mai ɗauke da ita ta hanyar da za ta sami wucewa zuwa jiki na gaba. Mutumin da ta kama yakan firgita da ganin ruwa alhali ƙishi na cinsa, kuma idan alamu suka bayyana da ƙyar ake tsira. Shi ya sa duk wanda kare ya cije ake so ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti don allura ba tare da jiran komai ba. A nan Vom, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a 1924 tana cikin wuraren da ake gwada kan karen da ake zargi. Akwai kuma wani nau'in funfuna a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ke shiga jikin tururuwa, ya sa ta bar ƴan'uwanta ta hau ganye ta cije shi, ta mutu a nan, shi kuma ya tsiro daga kanta ya watsa irinsa.

Sauyin da ya fi zurfi kuwa ba a mako yake faruwa ba, a zuriya yake. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS, kuma dalilin yawansa shi ne yana kare yaro daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Cuta ce ta bi kakanninmu dubban shekaru har ta bar sawunta a jininmu. Masana sun gano cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam ragowar tsofaffin ƙwayoyin cuta ne da suka shiga suka zauna, har ɗaya daga cikinsu jiki yake amfani da shi wajen gina mabiyiya a cikin mai ciki. Ranar da marubuciyar ta yi mana wannan bayani muka gane abin da ya sa ta zaɓi ungozoma.

Wannan ba kwaikwayon labaran Turawa ba ne?

Wanda ya faɗi haka ya manta tatsuniyoyin da aka yi masa a ɗakin kakarsa. Rikiɗa tamu ce tun fil azal: mutumin da ke zama kura da dare, budurwar da ashe ba mutum ba ce, dodon da ya auri ƴar sarki. Labarin kimiyya ma ba yau ya shigo Hausa ba, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya.

Abin da masu saɓa suka fi tuna mini shi ne yadda muke zancen maita. An ce ana gadonta, an ce ana ba mutum a abinci, an ce mai ita ba ya iya hana kansa. Ni ban yarda da wannan camfi ba, amma na ga abin da yake jawowa: a nuna tsohuwa da yatsa, a hana ƴaƴanta aure, a daina karɓar abincin gidansu. Haka aka yi wa kutare shekara da shekaru, aka ware musu unguwa a bayan gari, alhali kuturta tana da magani kuma ba ta saurin yaɗuwa. Littafin nan bai ari tsoron kowa ba, namu ya ɗauko daga ƙarƙashin gado.

Ta fuskar addini fa? Ba shiga hurumin gaibu ba ne a ce ga abin da zai faru nan da shekara hamsin?

Wannan tambaya malamin Islamiyya da ke zaurenmu ya fara yin ta, kuma da gaske yake. Bayan ya saurari littafin har ƙarshe, shi ya amsa wa kansa: mai da'awar gaibu cewa yake abu kaza zai faru, mai ƙaga labari kuwa cewa yake a ƙaddara ya faru, me za ku yi? Ya ce malaman fiƙihu ma suna ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba don su fitar da hukuncinta. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba, abin da ya gudana a gabana nake faɗa.

Inda ya fi tsayawa shi ne kan killacewa. Ya karanto mana hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa idan aka ji labarin annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta auku ana ciki kada a fita don gudunta. Ya kawo labarin Sayyadina Umar da ya juya daga hanyar Sham lokacin annoba, da aka tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Don haka a wajensa jan waya ba laifi ba ne. Laifin hukumar da ke cikin labarin shi ne ranar da ta daina kai ruwa, ta daina ƙidaya na ciki a cikin mutane, ta canza musu suna a takarda. Wani ɗan'uwanmu Kirista, Birom, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ce a Linjila ma kuturu taɓa shi aka yi kafin ya warke. Ranar ba a yi gardama ba.

Me ya sa ake cewa mutumin Jos ya fi kowa jin littafin nan a jikinsa?

Saboda dalili biyu, kuma na biyun ya fi nauyi.

Na farko, garin nan ya taɓa zama bakin wata sabuwar cuta da duniya ba ta san sunanta ba. A Janairun 1969 aka kawo wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine daga garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu zuwa asibitin mishan a Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka ɗauke ta zuwa Amurka ta rayu, kuma a can aka gano ƙwayar da yanzu kowa ke kira zazzaɓin Lassa. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a asibitin Jankwano da ke nan Jos, likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta rasu a watan Fabrairu. Akwai tsohuwar nas a zaurenmu da ta yi aiki da waɗanda suka ga wannan zamani. Ta ce babin da ma'aikatan asibiti ke rubuta wasiyya kafin su shiga ɗakin marasa lafiya bai yi mata kama da ƙirƙira ba.

Na biyu, mun san waya. Ba a ja mana mai ƙaya ba, amma tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, kowa a garin nan yana yawo da taswira a kansa: ga inda zan iya sauka a keke-napep, ga inda ba zan kai Magariba ba. Maƙwabtan da suka shekara talatin suna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti suka sayar da gidaje, kowa ya koma cikin nasa. Marubuciyar ba ta ambaci addini ko ƙabila ko sau ɗaya ba wajen raba na ciki da na waje, kuma ina ganin da gangan ta yi. Duk da haka, da aka karanta wurin da wani soja yake tambayar yaro sunan unguwarsu kafin ya yanke shawarar barinsa ya wuce, zauren ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba. Kowa a cikinmu an taɓa yi masa wannan tambaya, ko shi ya yi wa wani.

Ga kuma kullen korona na Afrilun 2020, da ranar da jama'a suka fasa rumbun kayan tallafi a Bukuru a watan Oktoba na shekarar. Akwai babin fasa rumbu a littafin, kuma ba ta zana masu fasawar a matsayin ɓarayi ko jarumai ba, mayunwata ta zana.

Ba ku jin tsoron ya sa mutane su ƙara gudun asibiti da rigakafi?

Mun yi wannan muhawara sosai, kuma tsoron yana da tushe. Rashin yarda a Arewa ba daga iska ya zo ba. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, shari'a ta ja shekaru kafin a yi sulhu a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta. Mun kuma ga daren da jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta game ƙasa lokacin Ebola a 2014.

Da littafin ya mayar da likitoci mugaye, da ni ne farkon wanda zai ce a gyara. Bai yi ba. Mutumin da ya fi kowa gaskiya a labarin likita ne, wanda ya ƙi sa hannu a takardar da ta ce masu saɓa ba mutane ba ne, aka kore shi. Tsohuwar nas ɗinmu ta ce ya tuna mata Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai Ebola na farko fita daga asibiti a Legas, ta kamu, ta rasu a Agustan 2014. Masu yaɗa jita-jita kuwa littafin bai raga musu ba: akwai mai sayar da laya da ya yi arziki a bakin waya.

Ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi, kuma mun faɗa mata a gabanta. Tsakiyarsa tana jan ƙafa, babi huɗu ana zagaye wuri ɗaya. Akwai soyayya tsakanin wani soja da jikar maƙwabciya wadda kowa ya ga an liƙa ta ne don kada a ce littafin Hausa ba soyayya. Manyan hukuma duk murya ɗaya gare su, kamar mutum ɗaya aka sa wa riguna daban-daban, alhali mugun da ya yarda alheri yake yi ya fi ban tsoro. Sannan a wasu wurare ma'aikaciyar gwajin jini tana rinjayar marubuciya, bayani ya yi yawa har labari ya tsaya cak. Ta karɓi uku, ta ƙi ɗaya. Soyayyar ta ce ba za ta cire ba, domin ko a bakin waya mutane ba sa daina son juna.

Yara za su iya karantawa?

Ban ba da shawarar a ba wanda bai kai shekara 15 ba. Babu batsa, amma akwai mutuwa da siffanta jiki mai tayar da tsigar jiki.

Yaya ya ƙare, kuma me ya sa ake faɗa a kan ƙarshen? (Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake nan.)

Daren da naƙuda ta kama surukar, ungozomar ta bi ta wani tsohon ramin kuza ta shiga. Ta karɓi haihuwa. Jaririn ya zo da fatar toka, idonsa a buɗe, bai yi kuka ba. Uban ba shi da sauran kalmar da zai yi masa huɗuba da ita, ya ɗauke shi ya kai baki kunnensa, leɓensa na motsi, sauti bai fito ba. Sai tsohuwar ta tsaya a bayansa tana faɗa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta koya masa magana yana ƙarami, yana kamawa da ƙyar. Da gari ya kusa wayewa, lokacin da ya kamata ta koma ta ramin, aka kawo kwano. Ta wanke hannu ta sa.

A nan zaure ya rabu gida biyu, har yau bai haɗu ba. Tsohuwar nas ta ce wannan ba jarumta ba ce, asara ce: ungozoma ɗaya ce ta san hanyar ramin, ita kaɗai za ta iya fita ta gaya wa na waje cewa na ciki suna haihuwa, suna raɗa suna, mutane ne. Da ta sa hannu a kwano, bakin da zai yi wannan shaida ta rufe, domin nan da ƴan watanni kalmominta za su zube. Malamin Islamiyya ya goyi bayanta, ya ƙara da cewa jefa kai ga halaka ba abin yabo ba ne ko da ƙauna ce ta jawo. Hajiya mai atamfa ta ce musu, "Ku dai kuna lissafi ne. Ita uwa ce, wata uku tana mayar da kwanon nan."

Ni na fi karkata ga nas, da kaina. Ina ganin tsohuwar ta yi kuskure, kuma ina ganin marubuciyar ta san kuskure ne, shi ya sa ba ta yi masa ado ba, ba ta sa wani ya yaba mata ba. Amma na karanta shafin nan ni kaɗai sau da dama bayan an watse, kuma ban taɓa kai wa wurin wanke hannun ina fatan ta fasa ba. Na gaya wa nas haka, ta ce, "Malam, ai shi ya sa ba a barin dangi su yi jinyar nasu a ɗakin killacewa."

Yaushe za a buga shi, kuma ta yaya zan samu in karanta?

Tana kan gyara, ta ce ba za ta kai wa maɗaba'a ba sai ta sake rubuta babi huɗun tsakiya. Babukan da ke yawo a waya tsohon zubi ne, wasu ma an yanke su, don haka muna roƙon a daina tura su. Wanda yake Jos kuma yake son ji, zaure a buɗe yake ranar Asabar bayan La'asar, kuma mun yi niyyar maimaita karatun daga farko idan gyaran ya kammala. Hajiya ta riga ta ce ita za ta karanta babin kwano da bakinta.